Jabun humrarki a kasuwar intanet: wa za ki kai ƙara?

Hajiya, kin ce wani na sayar da jabun humra da sunanki da tambarinki a wata kasuwar intanet, kina son sanin ko za ki iya maka masu kasuwar a kotu. Abin da kotu ta fi dubawa shi ne: sun san da jabun ko ba su sani ba?

A Amurka, kamfanin Tiffany ya kai kasuwar intanet ta eBay ƙara kan jabun kayan ado. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sanin cewa akwai jabu a kasuwa gaba ɗaya bai isa ba, sai an nuna musu takamaiman kayan sun ƙi cirewa. Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar L'Oréal da eBay ta 2011, ta ce in kasuwar na taimaka wa mai sayarwa wajen tallata kayan, kariyar da doka ta ba ta daga ɗaukar laifin mai sayarwa na iya faɗuwa.

Don haka ki rubuta wa masu kasuwar ƙorafi yau, da hoton kayan da adireshin shafin, ki ajiye kwafi. In ba ki yi wa tambarin rajista a Abuja ba, wallahi ki gaggauta, don da ita za ki tsaya da ƙarfi a Babbar Kotun Tarayya.