Amsoshin Wasiƙunku: Zarton Lantarki Mai Doguwar Sanda da Rage Rassan Itatuwa

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ƙaramin zarton nan mai sarƙa da ake haɗawa a kan doguwar sanda, mai aiki da wuta ko batir, wanda ya fara shiga hannun masu lambu da masu itatuwa a tsakar gida. Na haɗa masu kama da juna wuri guda.

Wani magidanci daga Zariya ya ce yana da mangwaro uku da dogon yaro biyu, rassansu sun kwanta a kan kwanon ɗaki. Wanne zai saya, mai waya ko mai batir?

Alhaji, ka fara duba wutar unguwarku. Mai waya yakan ci wat 600 zuwa 750, kuma a lokacin tashi yana jan fiye da haka. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fanka da talabijin ba zai ɗauke shi ba, sai wanda ya kai kVA 2. Idan wuta ta zo da rauni kada ka kunna shi, domin injin zarton zai yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone. Wayar ƙari ta zama mai kauri: 1.5mm idan nisan bai wuce mita 25 ba, 2.5mm idan ya wuce, kuma a warware ta gaba ɗaya daga kan abin naɗinta. In na gwanjo za ka saya, karanta rubutun da ke jikinsa. Waɗanda ake kawowa daga Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, kana jona shi ya mutu nan take. Ga itace biyar a cikin gida, mai batir ya fi sauƙi, amma ka sayi batir biyu. Kada ka yi cajinsa yana da zafi, ka bar shi ya huce kamar rabin awa a inuwa, musamman a watan Maris da Afrilu. Harshen zarton, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, yawanci inci 8 ne ko 10. Na inci 8 zai yanka reshe mai kaurin inci 5 zuwa 6 ba wahala. Abin da ya fi haka kauri aikin masu babban inji ne.

Daga Kano wani ya rubuto cewa ya yanke babban reshen mangwaro, da reshen zai faɗi sai ya ɓare ɓawon itacen har kusan kamu biyu zuwa ƙasa. Yana tambayar me zai shafa.

Malam, ɓarnar ta faru ne saboda ka yi yanka ɗaya daga sama, a jikin itacen. Nauyin reshen ya karya shi tun sarƙa ba ta gama ratsawa ba, ya ja ɓawon ya tafi da shi. Duk reshen da ya fi damtsen hannu kauri sau uku ake yanka shi. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jikin itacen, a shiga kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa a tsaya. Kada a zarce, in ba haka ba reshen zai danne harshen ya maƙale a can sama. Na biyu daga sama, santimita 5 gaba da na farko ta wajen ganye, har reshen ya faɗi. In zai ɓare ma, ɓarewar za ta tsaya a yankan ƙasa. Na uku shi ne cire guntun da ya rage. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi kamar wuyan riga, a nan itacen ke fito da sabon nama ya rufe ciwo. A yanka dab da kumburin nan, amma a bar shi a jikin itacen. Wanda ya aske shi ya buɗe ƙaton ciwon da zai shekara da shekaru bai rufe ba, wanda kuma ya bar dogon guntu ya ajiye wa gara da ƙwari masu huda itace ƙofa. Reshe mai tsawo sosai a riƙa rage shi gunduwa-gunduwa tun daga bakinsa.

Game da ɓarewar da ta riga ta faru, ka sa wuƙa mai kaifi ka gyara gefen ɓawon ya zama sumul, ka cire wanda ke lilo. Kada ka shafa baƙin mai, kada ka shafa kwalta. Suna kashe naman da zai warkar da wurin, kuma suna riƙe danshi a ƙarƙashinsu. In damina ce, dama garin kofa, wannan mai launin tsanwa da masu tumatir ke fesawa, ya yi kauri kamar kunu, ka shafa sau ɗaya. Ya isa.

Wata Hajiya ta tambaya ko ɗanta zai iya hawa tsani da zarton don ya kai reshen da ya fi tsawo. A'a, Hajiya, ko kusa. Ƙafa biyu a ƙasa ake riƙe shi, abin da sanda ba ta kai ba a kira masu hawa.

Mai lambu daga Saminaka ya ce kauci ya kama masa lemu da gwaiba, ya yi feshi sau uku da magunguna daban-daban masu tsada, kaucin ko ganye ɗaya bai zubar ba. Wane magani ne ya fi ƙarfi?

Wannan tambaya tana dawowa kowace shekara, kuma kowace shekara kuɗi na zubewa a banza. Ɗan'uwa, ka daina sayen magani. Kauci ba ƙwaro ba ne, ba kuma fumfuna ba ce. Tsiro ne cikakke mai ganye da fure da 'ya'ya, sai dai maimakon ya kafa saiwa a ƙasa, a cikin naman reshen itacenka yake kafa ta, yana shan ruwa da takin da itacen ya jawo. Maganin ƙwari ba shi da abin da zai yi masa. Maganin ciyawa kuwa, wanda wasu ke ba da shawararsa, zai iya ƙona ganyen kaucin, amma jikin kauci da jikin lemun a haɗe suke, kuma feshin da aka ɗaga sama a kan ganyen lemun zai sauko. Ana neman kashe baƙo a kashe mai gida.

Ka san yadda yake zuwa, sai ka san yadda za ka tare shi. Furensa jajaye ne sirara, a tsaye kamar tsinken ashana. Idan 'ya'yan sun nuna, ƙananan tsuntsaye suna ci, ƙwallon kuma yana da wani danƙo mai kama duk abin da ya taɓa. Tsuntsu ya sauka a wani reshe ya goge baki, ƙwallon ya manne, ya tsiro a nan, ya huda ɓawo ya shiga. Shi ya sa yake son rassan sama da na gefe inda rana ke bugawa kuma tsuntsaye ke sauka. Wurin da ya shiga yakan kumbura ya yi ƙulu, ɓangaren reshen da ke gaba da ƙulun kuma ya fara ƙanƙancewa, ganye ya yi rawaya, 'ya'ya su ragu, daga baya ya bushe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa ƙugiya ko gora a fizge ganyen kaucin a ce an gama. Saiwarsa tana nan a ciki, bayan 'yan watanni zai sake tohowa, wani lokaci ma ya fi na da yawa. Reshen da yake kai za a yanke, aƙalla santimita 30 ƙasa da ƙulun ta wajen jikin itacen, kuma ya fi kyau a kai yankan har mahaɗar wani reshe mai lafiya. Bayan an yanka a duba fuskar yankan. Idan an ga wani zane ko tabo da launinsa ya bambanta da sauran naman, a ƙara matsawa baya a sake yanka. A nan ne zarton sanda ya fi kowane kayan aiki amfani, domin rassan da kauci ke kamawa sirara ne masu nisa, ba sa ɗaukar mutum, adda kuma daga ƙasa ba ta kai su. Idan kaucin a kan babban reshen da itacen ya dogara da shi yake, wanda cire shi zai tafi da rabin itacen, a yanke kaucin dab da ɓawo, a naɗe wurin da baƙar leda mai kauri a ɗaure. Ba ya rayuwa ba haske. Ledar za ta daɗe a wurin, shekara ko fiye, kuma a riƙa sake ta in rana ta cinye ta.

A yi aikin yana fure, kafin 'ya'yan su nuna. A itatuwan da ke kakkaɓe ganye da rani ya fi sauƙin gani, domin shi yana nan kore shar a kan rassan da ba su da ganye. Kada ka tsaya kan lemu da gwaiba kawai, ka leƙa ɗorawa da kaɗanya da dogon yaron da ke bakin gona, daga can ake kawo maka iri. Ka yi magana da maƙwabtan lambu ku yi a mako guda, domin tsuntsu bai san iyakar gona ba. Wanda aka sauke in yana da nunannun 'ya'ya a binne ko a ƙone. Masu maganin gargajiya suna neman ganyen kauci, babu laifi a ba su wanda aka riga aka sauke, amma wannan ba dalilin barinsa a kan itace ba ne. Bayan an cire, a zuba wa lemun taki mai kyau a zagayen inuwarsa, a ba shi ruwa, a sake zagayawa bayan wata shida a cire ƙananan da suka ɓuya.

Daga Katsina: sarƙa tana hayaƙi, tana fitar da gari mai laushi, kuma tana yawan zamewa daga harshe. Baƙin man mota yake zuba mata.

Matsala uku ce a nan. Baƙin mai cike yake da ɓurɓushin ƙarfe, yana cin sarƙa da harshe, yana toshe ƙaramar ƙofar da mai ke fitowa, sannan yana fantsama a kan ciwon itacen da kake cin 'ya'yansa. Ka nemi man sarƙa na ainihi, mai yauƙi. In babu, sabon man inji ya fi. Tankin ƙarami ne, ka duba shi duk bayan minti 15 na aiki. Gwajin ko mai na fita: kunna zarton kana nuna bakinsa ga kwali daga ɗan nesa, za ka ga siririn layin mai. Gari mai laushi kuwa alamar dakushewa ce, sarƙa mai kaifi ɓarzajjen katako take zubarwa. Ƙurar hunturu da ke kwance a ɓawo da ƙasar gara suna dakushe ta da wuri. Yawancin waɗannan sarƙoƙi ana wasa su da zagayayyen magagari na 4mm, a karkace digiri 30, shafa uku ko huɗu a kowane haƙori, daga ciki zuwa waje, adadi ɗaya ga duka. Zamewa kuma sakin sarƙa ne. Cire batir ko waya tukuna, sassauta notin gefe, juya sukurun ɗaurewa har sarƙar ta kwanta a ƙasan harshe. Idan ka ja ta a tsakiya ta ɗago kamar milimita 3 ta koma da kanta, ta yi daidai. Sabuwar sarƙa tana miƙewa, a duba ta bayan yanka biyar na farko, kuma a ɗaure ta tana da sanyi.

Wani daga Dutse ya ce reshen dogon yaro ya shiga tsakanin wayoyin wuta a ƙofar gidansa, zai yanke da safe kafin a kawo wuta.

Don Allah kada ka yi. Ba ka san lokacin da za a dawo da wutar ba, kuma janaretan wani gida da aka jona ba daidai ba yana iya turo wuta cikin layin. Sandar zarton ba ta hana wuta wucewa, ɗanyen reshe ma yana ɗaukar ta, babban layi mai kV 11 ko 33 kuwa ba sai an taɓa shi ba, yana tsallakowa. Takardun masu ƙera zarton da yawa suna cewa a nisanci waya da mita 15. Ka kai rahoto ofishin kamfanin wutar lantarki na KEDCO mafi kusa, su kashe layin su sare.

Tambaya ta ƙarshe daga masu mangwaro da dama: yaushe ake rage rassa, kuma nawa?

Da zarar an gama tsinke 'ya'ya, wajen Mayu zuwa Yuni a yawancin Arewa, a ranar da ba hadari. Mangwaro a bakin reshen da ya ƙosa yake fure, don haka sabon tohon yana buƙatar watanni kafin sanyin hunturu. Wanda ya yanka a Nuwamba ya yanke furen bana da hannunsa. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a shekara guda. A fara da busassu, da masu gogar juna, da ɗaya ko biyu daga tsakiya don iska da haske su shiga. Kafin a kunna, a ɗaga kai a nemi gidan rina ko zuma, a kori yara da dabbobi daga tsakar gida. Hular kwano, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu dole ne, domin ƙaron mangwaro yana ƙona fata. A tsaya gefe, sanda a jingine kada ta miƙe fiye da digiri 60, don reshen ya faɗi a gabanka. Kada bakin harshe ta sama ya taɓa itace, nan ne zarton ke harbi. A ɗora gindin harshen a kan reshe, a bar nauyin zarton ya yi aikin ba tare da dannawa ba. Idan an tashi daga itace mai cuta zuwa mai lafiya, a cire batir a goge sarƙa da harshe da sifirit, sannan a sake sa musu mai.