Amsa: Wai ruwan sama na wanke gubar nukiliya in ta shiga ƙasa?

Salam ɗan uwa. Ka tambaya ko damina na wanke wannan guba daga ƙasa. Gaskiya a'a, ba ta wankuwa haka. Irin su siziyom-137, ɗaya daga cikin sinadaran gubar nukiliya, sai kusan shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi kawai, kuma yana maƙalewa a laka ne, ciyawa ta zuƙe shi, saniya ta ci ciyawar, ya fito a nono da nama mu sha ba mu sani ba, ga shi ba wari ba launi. Har yau an hana noma a kewayen tashar nukiliyar Canobil ta ƙasar Yukren, wadda ta fashe a 1986.

Amma ni abin da ya fi tsorata ni anan Legas 'yan uwanmu 'yan jari bola ne, na Alaba Rago da Agege. A 1987 a garin Goyaniya na Brazil masu gwangwan ne suka fasa tsohon injin asibitin cutar daji mai ɗauke da siziyom-137, suka ga gari mai ƙyalli shuɗi suka rarraba wa dangi, mutum 4 suka rasu, sai da aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar wurin.

Don Allah in kun ga ƙarfe mai nauyin tsiya da alamar fanka mai fiffike uku, kar a fasa, a nisance shi a sanar da NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya.