Amsa ga mai son zama gida shekara guda kafin ya sake neman medisin (karatun likita)

Salam ƙanina. Na ga tambayarka tun jiya aiki ne ya riƙe ni, wai ka ci 238 a JAMB, jarabawar shiga jami'a, ba a ba ka medisin ba sai bayokemistiri, shekarunka 17, Baba na cewa ka tafi kawai kai kuma ranka na kan ka zauna ka sake. To bari in ba ka nawa labarin don ni shekara biyu na zauna nan Katsina, kuma shekarun nan biyu ko kama ba su yi da juna ba.

2015 na gama sakandare na ci 219, na ce ni medisin ko a fasa karatun. Aka ƙyale ni. Wallahi abin da na yi da shekarar nan kunyar faɗinshi nike, barci har hantsi ya dubi ludayi, in na tashi in leƙa shagon yayana a kasuwa in ɗan zauna, da yamma majalisa a Ƙofar Ƙaura, dare gidan kallon ƙwallo, kullum ina cewa ai akwai lokaci ai na riga na san komai maimaici ne kawai. Sai da ya rage wata biyu na kakkaɓe littattafai. Sakamako ya fito 224. Maki biyar na ƙara a shekara guda cur! Ranar a shagon intanet aka buga mani takardar, na ninke ta huɗu na cusa aljihu na yi ta gararamba a gari har bayan isha'i, da na shigo na tarar Hajiya ta rufe mani tuwona a bakin ƙofar ɗaki, ta dube ni ta ce "ka ci abinci ka kwanta" ba ta ko tambaye ni nawa na ci ba. Da zagina ta yi da ya fi mani sauƙi.

Kawuna malamin makaranta ne, shi ya zaunar da ni ya ce kawo takardar, bai ko dubi jimillar ba sai ya bi darasi darasi ya ɗora yatsa kan fiziks, 41. Ya ce ga ciwonka nan kana ta shan maganin wani wuri, don ni bayoloji nike ta karantawa saboda shi ke mani daɗi. Ya sa ni lesin na yamma, da safe kuma daga takwas zuwa sha biyu ina ajin makarantarsu da ba kowa ina yin tsoffin tambayoyi da agogo a gabana, ya karɓe wayata sai Juma'a. Jarabawar tambaya 180 ce cikin awa biyu a kwamfuta, Turanci 60 sauran ukun 40-40, in ba ka saba da gudun ba ko ka san amsa lokaci zai cinye ka. 2017 na ci 291, yanzu ina haus job, wato aikin horo a asibiti da sabon likita ke yi bayan ya gama karatu.

Don haka in ka ce mani zama gida, tambayar da zan maka ita ce wa zai riƙe ka, kuma ƙarfe takwas na safiyar Litinin ina za a same ka. In ba ka da amsa, gaskiya bi maganar Baba.

Sai wasu abubuwa da ban sani ba lokacin. Makin JAMB na shekara guda ne, 238 ɗin nan ba ya jiranka. Ka duba WAEC ko NECO ɗinka ko kana da kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke so ga medisin, in akwai giɓi a shekarar nan za ka cike shi. Masu ce maka karɓi bayokemistiri in ka shiga ka canza, kar ka ɗora rai, majalisar likitoci ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gurbin kuma a cike yake tun daga aji ɗaya. Akwai IJMB, wani karatun share fage da jarabawarsa, da ake shiga aji biyu kai tsaye da ita amma can ma guraben 'yan kaɗan ne sai mai maki na sama sosai. Wani abokina kuma karɓar kwas ɗin ya yi ya sake JAMB yana aji ɗaya, ya dace, sai dai kuɗin makaranta biyu aka biya kuma ya sha wuya ba kaɗan ba.

Maganar tsufa kuwa kar ta dame ka, medisin shekara shida ce a takarda, haus job ɗaya, bautar ƙasa ɗaya, kuma sai wanda ya haura 30 kafin ya gama ake cire wa bautar ƙasa. Mu yajin aikin malaman jami'a na 2020 da na 2022 kaɗai sun cinye mana kusan shekara ɗaya da rabi ba wanda ya nemi shawararmu. Da ɗiya mace ce ke tambayar da na ƙara magana, don ita tana zama gida 'yan uwa za su fara zancen aure.

In ka zauna, duk ranar da aka kwantar da wani naku a asibiti ka ce kai za ka yi jinya. Ni sati uku na kwana kan tabarma gefen gadon kakarmu, na ga jini na ji wari na ga likita ɗaya na zagaya ɗaki uku ƙarfe biyun dare, a nan na tabbatar aikin nike so ba a ce mani dakta ba kawai. Muna da wanda ya ci sama da 300 amma satin da aka shiga ɗakin gawa na anatomi ya tattara kayanshi.

Baba kuma kar ka ja da shi, samu kawu ko wani babba da yake jin nauyi ku je tare, ka nuna mashi tsarinka a rubuce ka yi alkawarin shekara ɗaya ce tak, in ba a dace ba duk kwas ɗin da aka ba ka za ka tafi. Turo mani makinka na kowane darasi in gani, tsoffin littattafaina na fiziks da kemistiri suna nan gida cikin kwali, in kana cikin gari sai ƙanena ya miƙa maka.