Anti, ta ina za mu fara ƙwato wa mata haƙƙinsu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Mu wasu mata ne a Ɗorayi muna adashi duk sati, in mun haɗu hirar ɗaya ce, an cire wance daga makaranta, an danne wa wance gadon ubanta, an saki wance da yara ba ko sisin ciyarwa. Muna so mu yi wani kamfen amma ba kuɗi kuma ba mu san kowa a gwamnati ba, wata ta ce mu buga riguna mu yi tattaki zuwa gidan gwamnati. Dan Allah ki ba mu shawara.
'Yar uwarki daga Ɗorayi

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganar riguna da tattaki ku ajiye ta tukuna, kuɗin zai ƙare a wajen mai buga riga, a sa hotonku a Facebook kwana biyu an manta, mazan unguwa kuma su ce wasu ne suka turo ku.

Matsala uku kika lissafo, ku ɗauki ɗaya. Da ni ce makaranta zan ɗauka, saboda ba sabuwar doka za ku roƙa ba, dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole, Kano ma ta ƙaddamar da nata shirin ilimi kyauta kuma dole a 2019. Abin da ya rage shi ne wa ya san yaran da suka zube a hanya, toh ku ne, don ku ke shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" har ƙuryar ɗaki. Ku sayi littafi ku raba layi-layi, kowacce ta rubuto yaran mata da suka gama firamare ko aji uku na sakandare suka zauna, da dalili, kuɗin yunifom ne ko na adaidaita ko talla ce ko makarantar ce ba banɗaki ko miji aka fitar. Kuma a bi a hankali, uwar da ta ɗora wa 'yarta farantin awara ba ƙin boko take ba, da cinikin ake cefane, in kika shiga da wa'azi tabarma ma ba za ta shimfiɗa miki ba.

Da littafin nan za ku je wajen mai unguwa, ku sa dattijuwar da ake jin kunyarta a gaba, daga nan liman, sai shugabar makaranta da kwamitin iyaye da mutanen unguwa mai kula da makaranta, wato SBMC. Ku ware kwasa ɗaya a adashin ta zama ta yunifom da littattafai, ko yara biyar aka mayar aji an ga aiki a ƙasa. In abin na gwamnati ne kamar rufin aji ko ƙarancin malamai, sai a kai rediyo, kin san yadda ake sauraron shirin Inda Ranka a garin nan.

Wanda ya ce muku aikin nan baƙon abu ne ku tuna masa da Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo da ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba kuwa ta sha ɗauri tana jam'iyyar NEPU kan 'yancin mata, sai 1976 matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a. Amma duba, kujera 40 ce a majalisar dokokin Kano, zaɓen 2023 ko mace ɗaya ba ta shiga ba, alhali mu muke cika layi tun asuba. Kowacce ta mallaki katin zaɓe, ran da ɗan takarar kansila ya zo da atamfa da taliya ku miƙa masa kwafin littafin ya faɗi abin da zai yi a gaban mai unguwa.

Ita kuma wadda aka danne wa gado kar ta jira kamfen, aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta yanka wa mata rabonsu, ku raka ta Hisbah ko kotun shari'a da shaidu da takardun gida, lauyoyi mata na FIDA ma suna taimaka wa marasa hali. Haka mai maganar ciyar da yara, ta tafi da takardar saki in an ba ta.