Ga mai tambaya kan waƙoƙin Tool: fara da ƙirga biyar da bakwai

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai na samu natsuwa don ba abin da za a amsa da layi biyu ba ne. Ka ce wani abokinka ya ishe ka da zancen ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Tool, ka kunna waƙarsu ɗaya, aka daɗe ana kiɗa babu wanda ya buɗe baki, da mawaƙin ya fara kuma ba ka ji amshin da za ka riƙe ba, ga kiɗan kamar yana ɗingishi. Shi ne kake tambaya me mutane ke ji a ciki, ko dai burga ce kawai.

Sai da na yi dariya, don ni ma haka na fara. A 2008, ina aji biyu a jami'a, akwai wani abokin zamana a ɗaki da ke kaɗa ganguna a cocinsu. Yaron nan ba ya barin komai ya huta: cinyarsa, teburi, murfin bokiti, duk ganga ne a wurinsa. Shi ya tura min kundinsu mai suna Lateralus a filash. Na saurara sau ɗaya na ce masa wannan ai ƙarar injin markaɗe ce. Bai yi min musu ba. Ya ce in zauna, ya sa waƙar Schism, ya ce in manta da mawaƙin gaba ɗaya, in bi jitar bes, wato mai kaurin sauti, in riƙa ƙirga da yatsa a kan teburi: ɗaya zuwa biyar, sai ɗaya zuwa bakwai, sai a koma biyar. Na ɓace ya fi sau goma. Da na kama zaren kuwa, sai na ji ashe ɗingishin nan da gangan ne, kuma akwai inda yake nufa.

Ga abin da ke faruwa. Kusan duk waƙar da kake ji a rediyo ko a wurin biki a kan huɗu take tafiya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sake. Jikinka ya saba, tun kafin bugu ya sauka ƙafarka ta san inda zai sauka. Su kuma a Schism sun ɗauki bugu 12, maimakon su raba shi shida da shida ko huɗu sau uku, sai suka raba biyar da bakwai. Jimillar ɗaya ce, amma tsakiyar ta goce. Kamar kana hawa matakala a cikin duhu, ka ɗaga ƙafa kana zaton akwai sauran taki ɗaya, sai ka ji ka riga ka iso. Waƙar kuma a kan ɓaraka take magana, yadda mutanen da suka shaƙu ke daina fahimtar juna har zama ya gagara. Ka ga kiɗan da ya ƙi rabuwa daidai yana faɗin abin da baitocin ke faɗi. Ita ce ta ci musu kyautar Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2002.

Su huɗu ne, kuma a Los Anjalas ta Amurka suka haɗu a 1990: Maynard James Keenan mawaƙi, Adam Jones a jita, Danny Carey a ganguna, sai Justin Chancellor, ɗan Ingila, wanda ya karɓi bes a 1995 bayan Paul D'Amour ya tafi. Tun daga lokacin ba su canza mutum ko ɗaya ba. Wannan yana da muhimmanci saboda yadda suke gina waƙa. A wurinmu mawaƙi ne uban tafiya, shi ke kawo baiti da kari, makaɗa da 'yan amshi su mara masa baya. Su a juye suke yi. Mutum ukun nan masu kayan kiɗa za su shiga ɗaki su yi ta juya ɗan guntun kiɗa wata da watanni, su ƙara, su rage, su rushe su sake. Sai gini ya kusa tsayawa sannan Keenan ya zo ya ɗora murya. Shi ya sa muryarsa ba ta hawa kan kiɗan, gurbi take nema a ciki ta shige. Ko a dandamali a can baya yake tsayawa kusa da ganguna, sau da yawa cikin duhu. In ka kunna waƙarsu kana jiran mawaƙi ya ja ka, ka zauna a tashar da motar ba ta bi.

Abin da ya fi kama ni kuma shi ne wanda abokin nan nawa ya kasa bayyana min da baki, sai da na je gida hutu na gane shi da kaina. Ka taɓa tsayawa ka saurari lugude? Mata uku a turmi ɗaya, kowace da lokacin saukar taɓaryarta, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, amma ba a taɓa yin karo ba, kuma can sai ka ji duk sun haɗu a bugu ɗaya. To haka Carey ke yi da sauran. Shi yana zagaye a kan uku, mai jita yana zagaye a kan huɗu, ba za su sake haɗuwa ba sai a bugu na 12. In bakwai ne da huɗu, sai a na 28. Duk tsawon wannan lokacin kunnenka yana rataye, kana jin abu bai zauna ba, kamar an ɗaga maka kaya ba a ɗora maka a ka ba. Sa'ad da suka haɗu, duk huɗun suka sauka wuri ɗaya da ƙarfi, wani sanyi ke ratsa mutum. Wannan saukar ita ce amshinsu. Ba a ba ka ita bayan kowane baiti, sai ka yi minti shida ko bakwai kana bin bashi sannan a biya ka gaba ɗaya.

Ban yarda cewa tsawon ne zai gagari Bahaushe ba. Mu da muka taso ana sa kasat ɗin Shata waƙa ɗaya ta cinye fuska guda ba a gaji ba? Bambancin shi ne can amshi na dawowa kana hutawa a kansa, nan kuwa babu wurin zama sai an kai.

Dole wani zai kawo maka maganar Fibonacci, don haka gara ka ji daga wurina. Jerin lambobi ne da ake jingina wa wani masanin lissafi ɗan Italiya, inda kowace lamba take zama jimillar biyun da suka gabace ta: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, haka har gaba. A waƙar Lateralus, wadda kundin 2001 ya ci sunanta, babban kiɗan yana tafiya tara, takwas, bakwai, kowane zagaye ya gaza na baya da bugu ɗaya, kamar ana naɗe tabarma. Sai aka lura in an haɗe tara, takwas, bakwai ɗin nan sun zama 987, ita ce lamba ta 16 a wannan jeri. Keenan kuma ya tsara gaɓoɓin baitin farko a kan jerin: ɗaya, ɗaya, biyu, uku, biyar, takwas, sannan ya sauko biyar, uku. Gaskiya ne, na zauna na ƙirga da kaina. Amma masoyansu sun mayar da abin kamar wani asiri, har akwai masu sake jera waƙoƙin kundin wai don su fito da ɓoyayyen tsari. Shi kansa Keenan daga baya ya nuna bai ɗauki dabarar a bakin komai ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Na yi shekara biyu ina son waƙar kafin in san da lissafin, kuma da na sani bai ƙara min ko ƙwayar gero ba. Abin da ke aiki a jikina shi ne naɗewar nan ta tara, takwas, bakwai, da yadda waƙar ke lafawa a tsakiya har ka ce ta mutu, sannan ta taso a hankali.

In kana son ka ga ba lissafi kaɗai suka iya ba, nemi kundin 10,000 Days na 2006. Mahaifiyar Keenan, Judith Marie, jijiya ta fashe mata a ƙwaƙwalwa a 1976 yana yaro, ta rayu da shanyewar jiki shekara 27 har ta rasu a 2003. Shekara 27 kusan kwana dubu goma ke nan, daga nan sunan ya fito. Ya yi mata waƙa mai kashi biyu, jimilla kusan minti 17, da ƙarar ruwan sama da tsawa a bayanta. Mace ce mai riƙo da addininta na Kirista, shi kuma mutum ne da ya daɗe yana caccakar masu addini, amma a nan ya sauke kai ya yi shaidar haƙurinta. Na yi jinyar tsohuwata wata takwas a 2016, kuma a daren da ba na iya barci a barandar asibiti wannan waƙar nake sawa a kunne. Minti goman farko kusan babu abin da ke faruwa sai bes da ke zagaye wuri ɗaya. Wanda ya taɓa zaman jinya ya san wannan zagayen.

Tunda na taɓo addini, bari in faɗa maka gaskiya kar ka ce ban gaya maka ba. A tsofaffin waƙoƙinsu, musamman na Opiate na 1992 da Undertow na 1993 da Ænima na 1996, akwai ashar, akwai hotunan magana masu ƙazanta, akwai izgili ga malaman coci. Akwai waɗanda ni kaina tsallake su nake yi, kuma ba na sa su a mota in da yara. Bidiyoyinsu ma ba na kallon dare ba ne. Jones ya yi aikin ƙera dodanni a masana'antar fim kafin ƙungiyar ta yi suna, har da Jurassic Park da Terminator 2, kuma wannan hannun ne a bidiyoyin: 'yan tsana marasa fuska suna motsi a ɗakuna masu duhu, su mawaƙan ba ka cika ganinsu ba.

Suna da wasu laifukan. Suna cusa 'yan guntayen surutai tsakanin waƙoƙi da ba su da amfanin komai. Sun sa mutane jiran shekara 13 tsakanin 10,000 Days da Fear Inoculum, wanda ya fito ranar 30 ga Agusta 2019, ga rigimar kotu ga nawar aikinsu. Sai a farkon Agustan 2019 ɗin ne ma suka yarda aka sa waƙoƙinsu a Spotify da makamantansa, kafin nan sai faifai ko kwafe irin wanda aka yi min. Fear Inoculum ya hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ya sauke na Taylor Swift, alhali manyan waƙoƙinsa shida kowace ta haura minti goma. Abin mamaki ne, amma ni a kunnena kusan duk hanya ɗaya suke bi: a fara a hankali, a tara, a fashe. Wanda ya san su yana hango kwanar tun daga nesa. 7empest ce ta fita daban, minti 15 da 'yan kai, Jones ya saki hannu, ta kuma ci Grammy a 2020. Duk da haka kar ka fara da wannan kundin, zai kore ka.

Ga yadda zan ba ka shawara. Fara da Sober, ita a kan huɗu take, tana da amshi kamar kowace waƙa, don kunnenka ya saba da sautinsu. Sai Forty Six & 2, ka bi bes ɗin daga farko, ka jira inda ganguna ke ɓallewa wajen ƙarshe su bar sauran a kan hanyarsu. Daga nan Schism da Lateralus. In ka kai Right in Two za ka ji sautin tabla, gangar nan ta finafinan Indiya da duk muka sani, don Carey ya zauna ya koye ta a hannun Aloke Dutta. Akwai kuma bidiyo a YouTube da aka ɗauki Carey shi kaɗai yana kaɗa Pneuma a gaban jama'a. Kalle shi ko da ba ka son waƙar, ka ga yadda hannu biyu da ƙafa biyu kowanne ke tafiyarsa, mutumin kuma a lokacin yana dab da shekara sittin.

Kar ka saurara ta lasifikar waya, bes ɗin ba ya fitowa, kuma rabin zancen a wurinsa yake. Sa iyafis mai kyau, ka zaɓi lokacin da ba mai aikenka. Waƙa ɗaya sau uku ta fi kundi guda sau ɗaya: zagayen farko bi ganguna, na biyu bi bes, na uku ka bar ƙirga ka ji su tare. In bayan haka ba ta shige ka ba, babu laifi, ƙanena ma na yi iya yina ya ce shi dai a bar shi da waƙar da zai iya rerawa a wanka.

In ka gwada Schism, ka dawo ka gaya min inda ka ɓace. Ni har yau a tsakiya nake ɓacewa, wurin da kiɗan ke lafawa jita ta rage ita kaɗai tana amsa kuwwa. Shekara da shekaru ina ƙirga wurin, ban taɓa fita daidai sau biyu a jere ba.