Gidan Abincina a Manchester: In Bar Masu Kare Su Shigo Ko In Hana?

Wata baiwar Allah 'yar asalin Zariya, wadda ke da ƙaramin gidan abinci a kudancin birnin Manchester na Ingila, kusa da filin shaƙatawa na Alexandra Park, ta aiko da wannan tambaya. Ta ce tebur takwas ne a shagon, tana sayar da shayi da kofi da masa da safe, shinkafa da miya da rana, tsire kuma da yamma. Mafi yawan masu cinikinta Hausawa ne da Somaliyawa da 'yan Pakistan, kuma iyali guda kan kashe kamar fam 45 a zama ɗaya. Matsalarta safiya ce, domin daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya tana biyan yarinyar da ke mata aiki amma kujeru a sake suke, alhali Turawa masu yawo da karnukansu suna wucewa ta ƙofarta, wasu ma har su leƙo su tambaya ko za su iya shigowa da kare. Wani mai shagon kofi a layinsu ya ajiye kwanon ruwan kare a bakin ƙofa, kuma wurinsa cike yake kullum. Maigidanta ya ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta ba.

Hajiya, na gode da wannan tambaya, kuma na ga kin kawo ta da lissafinta, abin da ya sauƙaƙa mini aiki. Shawarata ita ce kada ki buɗe cikin shagonki ga karnukan da mutane ke kiwo don sha'awa, amma ki nemi kuɗin masu su a waje, a bakin ƙofa. Akwai kuma wani nau'in kare guda da ba ki da zaɓi a kansa, kuma zan yi miki bayaninsa da kyau domin a nan ne 'yan'uwanmu da dama suke faɗawa cikin rigimar da ta fi ƙarfin jarinsu.

Mu fara da doka. A Ingila babu dokar da ta hana kare shiga wurin da masu ciniki ke zama su ci abinci, babu kuma wadda ta tilasta wa mai shago ya karɓi karen gida. Abin da ƙa'idar tsaftar abinci mai lamba 852 ta shekarar 2004 ta ɗora miki, wadda Birtaniya ta ci gaba da aiki da ita bayan ta fita daga Tarayyar Turai, shi ne ki hana dabbobin gida kaiwa ga inda ake dafa abinci, ko sarrafa shi, ko ajiye shi. A babban gidan abinci mai madafa can ciki wannan abu ne mai sauƙi. A shago mai tebur takwas, inda kaskon masa da kantar da ake zuba abinci ba su wuce taku uku daga kujerar farko ba, iyakar nan tana da wuyar tsarewa, kuma jami'in tsafta na ƙaramar hukuma da zai zo ya ba ki maki daga sifili zuwa 5 zai so ya ga yadda kika tsare ta. Ki kuma sani cewa hana kare ba baƙon abu ba ne ko a wurin Turawan kansu: kamfanin Wetherspoon, mai ɗaruruwan wuraren ci da sha a faɗin Birtaniya, ya tsaurara hana karnuka shiga wurarensa tun shekarar 2018, in ban da karnukan masu buƙata ta musamman, kuma bai rasa kasuwa ba.

Waɗannan karnuka na ƙarshe su ne waɗanda na ce ba ki da zaɓi a kansu. Karen da ke yi wa makaho jagora, ko wanda ke ankarar da kurma, ko wanda aka horar don ya taimaki mai farfaɗiya, Dokar Daidaito ta shekarar 2010 tana kare haƙƙin mai shi, kuma korarsa daga shago nuna wariya ne ga mai nakasa wanda za a iya kai ki kotu a kansa. Cewa shagonki na halal ne, ko cewa addininki bai yarda ba, ba za ta zama hujja a gaban alƙali ba. Doka ba ta kuma wajabta wa mai irin wannan kare ya nuna miki takarda ba, don haka kada yarinyarki ta tsaya a ƙofa tana neman shaida. Ki zaunar da ita tun yanzu ki koya mata abin da za ta yi: ta yi wa mutumin maraba, ta tambaye shi inda zai fi jin daɗin zama, ta kawo masa abinci kamar kowa, kada ta taɓa karen kuma kada ta ba shi komai. Irin waɗannan karnuka an horar da su su kwanta a ƙarƙashin tebur shiru har mai su ya gama. Idan wani cikin masu cinikinki ya nuna damuwa, shi za ki yi wa tayin canza tebur, cikin ladabi. Malamai ma sun duba wannan larura, domin a shekarar 2008 wata majalisar shari'a ta Musulmin Birtaniya ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho a Leicester damar zuwa masallaci da karensa, aka ware wa karen wuri a wajen ɗakin salla.

Yanzu ga lissafi, kuma a nan maigidanki yana da gaskiyarsa, ba zan hana shi ita ba. Mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 ya kasance fam 12.21 a awa a watan Afrilun 2025, wato a wancan farashi awa ukun safiyar nan za su ci fam 36.63 kafin a yi maganar wuta da haya. Idan mai sayen kofi ya kashe fam 4, kuma muka ɗauka fam 3 ya rage bayan an cire kuɗin gari da madara da kofin takarda, to mutum 13 za su biya ladan yarinyar na safiyar. A ƙasar da ke da karnukan gida sama da miliyan 10, kuma ga fili kusa da ke inda masu su ke zagayawa kowace safiya, wannan kasuwa ce ta gaske da bai kamata a bar ta ta wuce ba.

Sai dai ki auna ta da wadda take hannunki. Mai kare da zai zo sau uku a mako ya kashe fam 4 kowane zuwa, fam 624 ya kawo miki a shekara. Iyalin da ke zuwa sau ɗaya a mako su kashe fam 45, fam 2,340 suka kawo. Ko da mun yarda cewa ribar kofi ta fi ta shinkafa da nama kauri, sai kin tara masu kare biyu ko uku masu ɗorewa kafin su maye gurbin iyali ɗaya da ya daina zuwa. Kuma wannan lissafin bai haɗa da abin da na fi ji miki tsoro ba, wato odar abincin suna da walima da buɗa-baki a watan azumi, waɗanda daga wurin iyalan nan suke fitowa, kuma sau da yawa oda ɗaya kan kai cinikin kofi na wata guda. Maƙwabcinki mai kwanon ruwa ba shi da irin wannan kasuwa da zai yi asararta, shi ya sa abin da ya karɓe shi ba lallai ya karɓe ki ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Dalilin da ya sa nake ganin iyalan za su iya janyewa ya haɗa da fiƙihu da kuma al'ada. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, amma mai sayar da abinci dole ya san abin da ke cikin zuciyar mai saye. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya, mashahurin zance a wurinmu shi ne kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Duk da haka, Bahaushe ya san kare ne a matsayin mai gadi ko abokin farauta, wurinsa tsakar gida ko ƙofar gida, ba a san shi kusa da akushi ba. Somaliyawa kuwa mafi yawansu Shafi'awa ne, kuma a wurinsu najasar kare mai kauri ce da sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. 'Yan Pakistan mafi yawansu Hanafawa ne, waɗanda ke ɗaukar yawun kare najasa. Mutumin da ya shigo cin abinci da tufafin da zai yi sallar azahar da su ba zai so ya zauna inda kare zai iya shinshinar gefen rigarsa ba.

Na taɓa zama a wani shagon shayi a wannan gari ranar da ake ruwa, kamar yadda aka saba a Manchester. Wani mutum ya shigo da karensa jiƙe sharkaf, karen ya tsaya tsakanin tebura ya girgije jikinsa, ruwa ya fantsamu ko'ina. A teburin da ke kusa akwai wata dattijuwa da jikokinta biyu. Ba ta ce uffan ba. Ta tattare gefen hijabinta ta ɗora a cinya, ta janyo ƙaramin yaron jikinta, ta ce a zuba musu sauran abincin a leda, ta biya, ta yi godiya, suka fita. Mai shagon bai san ya yi asarar komai ba, domin mutanenmu ba su cika kai ƙorafi wurin mai shago ba. Sukan faɗa wa 'yan'uwansu ne a gida ko a zauren WhatsApp na unguwa cewa wurin nan yanzu ana shiga da kare, daga nan sai ƙafa ta ɗauke a hankali.

Wataƙila ki yi tunanin raba lokaci, a bar karnuka su shigo da safe a hana su da rana. A shago mai faɗi da ɗaki biyu zan iya yarda. A naki ban ga zai yi ba, domin gashi da wari ba su san ƙarfe sha ɗaya ta yi ba, kuma labarin da zai bazu ba zai zo da bayanin lokaci ba.

Abin da nake so ki yi shi ne ki kai cinikin inda masu karen suke. Yawancinsu a kan hanya suke, kofi mai zafi suke so a hannu da wani abu da za su tauna, kuma masa mai ɗumi da zuma abu ce da ba za su samu a wurin maƙwabcinki ba. Idan tagar gaban shagon tana buɗuwa, ki mai da ita wurin miƙa kaya. Idan kuma gefen titin yana da faɗi, ki nemi lasisin ajiye tebur a bakin hanya daga hukumar birnin Manchester. A Ingila an ƙayyade kuɗinsa kada ya wuce fam 500 ga sabon nema da fam 350 ga sabuntawa, kuma ana iya ba da shi har na tsawon shekara biyu, da sharaɗin a bar hanyar da keken guragu da makafi za su wuce. Tebur biyu sun isa a farko, da rumfar da za ta tare ruwa, da ƙarfe a jikin bango inda za a ɗaura igiyar kare, da kwanon ruwa wanda ba zai taɓa shiga madafarki ba ko don wanki. Ki sa teburan a gefe guda, yadda mace mai goyo za ta shiga ƙofarki ba tare da ta ratsa tsakanin karnuka ba.

Kafin ki sayi ko kujera ɗaya, ki karanta yarjejeniyar hayar shagon, domin wasu masu gini suna da sharaɗi a kan dabbobi da kuma amfani da gaban shago. Sannan ki rubuta wa kamfanin inshorarki ki sanar da su, ki nemi amsa a rubuce cewa inshorar da ke biyan diyyar wanda ya ji rauni a wurinki ta haɗa da teburan waje. Idan kare ya ciji yaro, alhakin farko yana kan mai karen, kuma Dokar Karnuka Masu Haɗari ta 1991 ta mai da sakin kare har ya zama barazana laifi, amma lauyan iyayen yaron zai tambayi matakin da mai shago ya ɗauka. Saboda haka ki sa ƙa'ida a rubuce: kowane kare da igiyarsa, ba ya hawa kujera, ba a ba shi abinci a farantin shago, kuma yarinyarki za ta wanke hannu duk lokacin da ta dawo daga waje. Nau'in karen da ake kira XL Bully kuwa, tun ƙarshen watan Disambar 2023 doka ta ce ba ya fita bainar jama'a sai da takunkumi da igiya, don haka kina da cikakken iko ki ƙi wanda ya zo da shi haka nan.

A jikin ƙofa ki rubuta magana mai daɗi, cewa ana maraba da karnukan masu buƙata ta musamman a ciki, sauran kuma ga wurinsu da ruwansu a waje. Bature ya saba da irin wannan sanarwa kuma ba ya jin haushinta idan an yi ta da fara'a.

Ki fara da gwaji na mako takwas, kuma ki zaɓi lokacin da sanyi ya fara raguwa, wajen watan Afrilu, domin gwajin da aka yi a watan Janairu zai nuna miki ƙarya. Kowace rana ki rubuta cinikin safe daban da na rana da na yamma, ki kwatanta da na makonnin da suka gabata. Ki kuma zaɓi mata uku ko huɗu cikin waɗanda suka fi daɗewa suna cin abincinki, har da Basomaliya ɗaya aƙalla, ki faɗa musu abin da kike shirin yi tun kafin su gani da idonsu, ki roƙe su su gaya miki gaskiyar abin da suke ji ana faɗa. Idan mako takwas ɗin suka cika, ki aiko mini da alƙaluman, mu duba tare ko za a ƙara tebur na uku.