An ce in zo zaman gawa a ƙauyen Ireland, ya zan yi?

TAMBAYA: Salam Anti. Ina aikin nas a wani ƙauye a yankin Mayo, ƙasar Ireland. Tsohon da ke maƙwabtaka da ni ya rasu jiya, 'yarsa ta ce in zo "wake" yau da dare, wai gawar na cikin gida. Wallahi tsoro nake ji, dan Allah me ake yi a wurin?

AMSA: Wa alaikissalam ƙanwata, kwantar da hankalinki, zaman makoki ne, sai dai su kafin a binne suke yin nasu. Mu da an rasu ake wanka a yi sallah a kai, su kuma a ƙauyuka sukan ajiye mamacin a gida dare ɗaya ko biyu, a saka masa kayansa masu kyau a kwantar da shi a akwati a buɗe, carbi a hannunsa tunda yawancinsu 'yan Katolika ne, kuma ba a barinsa shi kaɗai, dangi da maƙwabta ke karɓa-karɓa har gari ya waye. Sai a wuce coci, daga nan maƙabarta.

In kin shiga ki bi layi ki ba 'yan gidan hannu ki ce "Sorry for your trouble", shi ne "ya haƙuri" ɗinsu. Ki ɗan tsaya gaban gawar shiru, shikenan kin fita kunya. In sun fara jan carbinsu ki koma gefe, ba mai tilasta miki.

Kada ki yi mamaki in kin ga an rufe madubi da ƙyalle ko an tsayar da agogon bango daidai lokacin da mamacin ya cika, tsohuwar al'ada ce, har taga ake buɗewa wai don rai ya fita. Abin da zai fi ɗaure miki kai dariya ce. Kicin cike da mutane, butar shayi ba ta sauka daga wuta, ana ta ba da labarin rigimar da marigayin ya yi kan saniya ko ƙwallo ana ƙyaƙyatawa, kuma ba rashin tausayi ba ne, a wurinsu girmamawa ce. Za a iya miƙo miki giya, ki ce shayi ya isa.

Da can ma akwai mata masu kukan mutuwa da waƙa cikin harshensu, limaman coci suka yi ta yaƙar abin har ya ɓace wajen tsakiyar ƙarni na 20. Amma haƙa kabari har yau a wasu ƙauyukan yamma maƙwabta ke yi da shebur, wannan kam ya burge ni.

Ki riƙe kek ko biskit ki miƙa a kicin. Bayan wata ɗaya za su yi masa addu'a a coci, kamar sadakar arba'in ɗinmu, in an sanar da ke ko kati ne ki aika.